Na Kai Ƙyallen Mutane Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo shago, kafin ta kwance atamfarta sai ta ce, "Saude, ya ƙasar Turawa?" Na gaji da gaya musu ba Turai na je ba, Jamhuriyar Benin ce, nan bayan Legas. Wata ma cewa ta yi ta ji an ce a jirgin ruwa na tafi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma in koma kan kekena.

Ga wanda bai san ni ba, ɗinkin mata nake yi a Kura. Mu biyar ne a shagon, ni da mata huɗu, kuma abin da aka fi sanin mu da shi shi ne surfanin hannu a wuyan doguwar riga. Inna, mahaifiyata, ita ta fara sana'ar da keke ɗaya a ɗakinta bayan rasuwar mahaifinmu, lokacin ina goye. Yanzu ido ya hana ta zare allura, amma kullum tana zaune a bakin ƙofa, kuma har zuwa wannan tafiya dokarta na nan daram. Dokar ita ce ƙyallen da ya rage a ɗinkin mutum nasa ne. Babba a ninke a saka masa cikin kayansa. Ƙanana kuwa, waɗanda ba su kai tafin hannu ba, a tara su a buhu, in ya cika a kai can ƙarshen gonarmu bayan kanal ɗin ban ruwa a cinna masa wuta. In ka tambaye ta dalili sai ta ce in ta more su ta ci haƙƙin mutane, in ta ƙona ba wanda ya ci. "Gara wuta ta ci su a nan da ta ci ni a can," haka take faɗa, kuma ba da wasa take faɗa ba.

Damuwata kuwa, da an wuce Babbar Sallah ɗinki yake mutuwa. Matan nan sai su rufe kekunansu su tafi tsinkar tumatir a Kadawa ko sheƙar shinkafa, su wuni a rana. Bara biyu suka tafi, da ƙyar na lallaso ɗaya ta dawo. Na san in ban samo aikin da zai riƙe su duk shekara ba, wata rana ni kaɗai zan wayi gari a shagon.

Ana cikin haka Yaya Sani, wana da ke fataucin albasa zuwa kudu, ya zo da labari. Matar maigidansa na Kwatano, Hajiya Mariya, ta sa rigar da na ɗinka mata ta je wani biki, wata mai shagon tufafi da ake kira Madam Odil ta gani ta rikice. Ita Madam ɗin ƙasashen waje take aika kaya, kuma tana neman wadda za ta riƙa yi mata irin wannan surfani. Saƙonta shi ne in zo da riguna, kada a ɗora su a jirgin sama, sannan in ɗebo mata kaɗan daga abin da ke zubewa ƙasa in mun yi yanka. Na jirgin bai dame ni ba, da ma wa ya ce mata muna da hanyar jirgi? Na ƙarshen ne ya hana ni sakat. Ranar tafiya da sassafe, Inna na kan sallaya tana lazimi, na lallaɓa na cusa hannu a buhu na cika leda ɗaya, na tura can ƙasan jakata. Ni da na aurar da 'ya, ga ni ina sanɗa a gidanmu kamar mage.

Abin dariya na farko, sai da muka shiga Kano muka hau doguwar mota, sannan motar ta juyo da mu ta sake bi ta gefen garinmu. Yaya ya leƙa taga yana nuna wa mutane gonarsa, har da ɗaga mata hannu. Kusa da ni wata Bayarbiya ce haifaffiyar Kano, Hausarta ta fi tawa gishiri. Kafin mu kai Zariya ta san sunan mijina da na 'ya'yana, ta ba ni aya, ta kuma gaya mini ɗaurin ɗankwalina na 'yan ƙauye ne. Ta kwance shi ta sake ɗaura mini, ya tashi sama kamar kabeji.

Mun wuce Kaduna kaɗan taya ta fashe. Kowa na salati, ni kuwa abu ɗaya ne ya faɗo mini a rai: ledar nan ce. Muka sauka muka zauna a inuwa ana canji, ina ta istigfari a ɓoye. A Lakwaja aka tsaya cin abinci, na sayi soyayyen kifi mai faɗin faranti, loma ta uku ƙaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Bayarbiyar nan ta dinga dukan bayana tana ɗura mini ayaba, hawaye na zuba, ni kuwa a zuciyata ina cewa, Saude, kin ga abin da Inna take faɗa. Yaya ya ce tunda yake tafiya bai taɓa ganin mutumin da kifi ya sa shi tuba haka ba. Bai san komai ba tukuna.

Legas ba zan ce na gan ta ba, na dai ji ta a kunne da ƙafa. Yaya ya riƙe jakata yana gaba, ina riƙe da bayan rigarsa, har muka shiga ƙaramar motar da za ta kai mu iyaka. Tun a gida ya sa na yi takardar tafiya da katin rigakafi, don haka ba mu sha wuya ba. Sai dai a wajen duba kaya wata jami'a, doguwa mai fara'a, ta zuge jakata ta zaro ledar. Ta buɗe, ta dube ni, ta tambaya da Turanci ko mene ne wannan. Kafin Yaya ya buɗe baki na ce, "Wallahi ba nawa ba ne, na mutane ne, zan mayar." Da ya fassara mata sai ta zazzage ledar a kan tebur tana neman abin da aka ɓoye a ciki. Ta ga tsumma ne zalla. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira abokiyar aikinta ta nuna mata, suka tattara mini suka ce in wuce.

Muna tsallakawa Yaya ya tsaya cak.

"Saude, daga buhun Inna kika ɗebo?"

"Yaya, don Allah ka rufa mini asiri."

"Ni da na ɗauki ƙyalle ɗaya na ɗaure ɗan yatsa ina yaro, sai da na kwana uku ban zauna daidai ba. Ke kuma leda guda, har ƙasar waje!"

Daga nan har Kwatano, duk ramin da mota ta faɗa sai ya waigo ya ce, "Haƙƙi."

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓansu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, ga su nan birjik kamar an watsa gero. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mata: mace ta sha ɗaurin ɗankwali da takalmi mai tsini, ta ɗora jaka a gaba, ta murza babur ta wuce ki fuu. A Kura in mace ta yi haka, ai ranar ba mai zuwa gona, kowa kallo zai tsaya. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi, na ɗauka zuma ce, har na ce wa Yaya mu saya wa Inna tsaraba.

A unguwar Zango muka sauka, gidan Hajiya Mariya. Mace ce gajera mai ƙiba, ba ta iya magana a hankali ba, kuma tun kakanta suke can amma Hausarta tangaran. Ta ba ni ɗakin 'yarta, ta kawo mini shayi da wani burodi dogo kamar taɓarya, bayansa da tauri sai ka ce da gangan aka yi don a gwada haƙorin baƙo. Da rana aka kawo wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da miyar kuɓewa. Na sa hannu ke nan sai na ga ƙaguwa sukutum a ciki, da ƙafafunta, ta zuba mini ido. Na janye hannu a hankali. Hajiya ta ce, "Ci mana ƙanwata, ai ta mutu." Na ce na sani, kunyarta nake ji. Tuwon dai na cinye shi tas, kuma har yau ina marmarinsa.

Rigunan da na ɗinka sun riga mu isa, domin Yaya ya dage a ɗora su a motar albasarsa. Da aka kwance ƙullin sai da Hajiya ta ja da baya. Riga shida, surfanin wata biyu, duk sun koma warin kasuwar albasa. Na zauna dirshan zan yi kuka. Hajiya ta ce in tashi, ba a gidanta ake wannan ba. Ta hura kasko, ta zuba turaren wuta, ta kife babban kwando a kai, muka shimfiɗa rigunan ɗaya bayan ɗaya. Sai da muka gama take gaya mini ita Madam ɗin babban abin da take yaƙi da shi a duniya shi ne hayaƙi. Na ce madalla, mun fara da kyau.

Washegari muka tafi da wuri, don Hajiya ta ce a can da rana ta take mutane suke rufe shago su je su ci abinci su miƙe. Na ce a Kura in tela ta rufe shago da azahar, kafin la'asar an fara zuwa gaisuwa. Madam Odil ta tare mu a ƙofa, siririya ce mai furfura da tabarau. Kafin in durƙusa ta kamo ni ta manna kumatunta a nawa, dama da hagu. Ta juya wajen Yaya, ya yi tsalle baya ya dafe ƙirji da hannu biyu yana ta "sannu, sannu", har ya taka kwandon zare. Na ji daɗin wannan ƙwarai, na kuma adana shi don ranar da zai sake ce mini haƙƙi.

Shagon bene ne, kekuna takwas suna aiki, amma ba ƙarar janareto ko kaɗan, domin duk rufin sola ne. Ƙasa fes, ko zare ba ka gani. A jikin bango an jera kwanduna, kowanne da ƙyallaye masu launi ɗaya. Ta ɗauko wata riga ta miƙo mini, na juya ta na sake juyawa: gaba ɗayanta ƙyalle ne aka harhaɗa, ɗinkin a kwance luf, kyau kamar a sace. Waɗanda suka yi ƙanƙanta da yawa kuma a matashin kai suke ƙarewa.

Hajiya na fassara, Madam ta yi mini bayani. Ta ce masu sayen kayanta a waje yanzu ba kyan riga kaɗai suke tambaya ba, har da yawan hayaƙin da aka tayar kafin a yi ta, domin hayaƙin nan ne yake taruwa a sama yana ƙara wa duniya zafi. Yaya ya karɓe zancen, ya ce wannan ko ba a fassara ba ya gane, don sanyin da suke shuka alkama da shi yanzu kafin ka ce ya zo ya tafi. Madam ta ce kowane yadi kafin ya iso hannun tela ya riga ya ci wuta a masaƙa, ya ci mai a hanya. Wanda ya yar da shi ya yi asarar duk wannan.

Ta shinshina rigunana, ta lumshe ido ta ce ƙamshin ma kaɗai ya isa. Ni da Hajiya muka kalli juna. Ta bi surfanin da ɗan yatsa, ta ce irinsa take so a wuyan rigunan ƙyalle, in na yarda mu riƙa haɗa su a Kura, aiki ba rani ba damina. Sai ta shiga tambaya. Kekunanmu na ƙafa ne, ta tafa. Dutsen gugarmu na gawayi ne, ta ɓata fuska. Na ce wannan mai sauƙi ne, manoman garinmu ma da sola suke jan ruwa yanzu, zan sa farantin sola ɗaya ko biyu ne. Sannan ta zazzage ledata a kan tebur, ta fara jera ƙyallayen tana murmushi, ta ce sauran fa, me muke yi da su?

Hajiya ta taka mini ƙafa. Na gane nufinta, amma na riga na yi sata, ba zan ƙara da ƙarya ba. Na ce ƙonawa muke yi. Madam ta cire tabarau ta dafe kai. Ta ce atamfar yanzu rabinta roba ce, hayaƙinta ya fi na itace muni, don me za mu yi haka? Na gaya mata dokar Inna tun daga farko. Sai ta sa aka tsayar da kekuna, ta ce Hajiya ta maimaita ma'aikatanta su ji. Ta ce ita yadinta take saya ta yanka, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa ƙyalle yana da mai shi. Ta ɗauki guda biyu za ta haɗa a keke mu ga yadda za su fito, na riƙe hannunta na ce ta yi haƙuri, na kawo ne ta gani kawai, ba ni da ikon ba ta.

"To ku tambayi masu shi mana!" in ji Hajiya, da muryar nan tata.

Na ce an sha kawo wa Inna wannan shawara. Cewa take yi in mace ta zo shagonki kika roƙe ta, kunya ce za ta sa ta ce ta yafe, kuma abin da aka karɓa da kunya bai halatta ba.

Madam ta tattara ƙyallayen da hannunta ta mayar cikin leda ta ƙulle. Ta ce ba za ta yi ciniki da shagon da ke ƙona yadi ba, kuma ba za ta so rigar da mahaifiyata ke ganin ta sata ce ba. In je in shawo kanta, ranar da wuta ta mutu in kira. Na amsa na fito, amma na san Inna. Da a ce tsallake kogin Lakwaja aka ce in yi da ƙafa, da na fi sa rai.

Dawowa ba abin da ya faru, ko taya ba ta yi ƙara ba, Yaya ya ce don kayan mutane sun kama hanyar gida ne. Na sayo wa Inna dogon burodin nan guda biyu, kafin mu iso sun zama sanda. Ban jira Yaya ya riga ni ba. Ina gama gaishe ta na ajiye ledar a gabanta na faɗi komai, tun daga lazimi har tebur ɗin Madam, har da matan shago da nake tsoron rasawa. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zazzage ledar a tabarma, tana ɗauka ɗaya-ɗaya tana kaiwa kusa da ido. "Wannan na Talatu ne. Wannan na Asabe, ɗinkin sunan jikanta. Wannan na matar liman." Ko ɗaya ba ta ɓata ba. Kwana biyu daga gaisuwa ba ta ƙara mini ko kalma ba.

A rana ta uku da hantsi ta ce in ɗauko mata hijabi da ledar. Ta ce a shago ba za ta tambayi kowa ba. Gidajensu za mu bi, ta damƙa wa kowace nata a hannu, a tsakar gidanta, inda take da bakin cewa a'a. Wadda ta riƙe, kayanta ne. Wadda ta miƙo da kanta, ya zama kyauta.

Muka fara da gidan Talatu, tsohuwar ƙawarta mai turara shinkafa. Muka same ta a bakin tukunya. Bayan gaisuwa Inna ta kamo hannunta ta sa mata ɗan ƙyalle kore a tafi, ta yi mata bayani, har da inda ake kai buhu a ƙona. Talatu ta dubi ƙyallen, ta dubi Inna.

"Ƙonawa? Ke Hajara, da ma ƙonawa kike yi?"

"To me zan yi da kayan mutane?"

"La ilaha illallahu! Wallahi duk garin nan mun ɗauka matasai kike cusawa kina aikawa Kano. Tun rasuwar Malam muke cewa a bar mata, marayu take riƙo. Ni da gangan nake ƙara rabin yadi in zan kawo ɗinki, in kin ninko mini babban har haushinki nake ji, in ce a ƙalla dai ta samu ƙananan."

Ta mayar da ƙyallen hannun Inna ta dunƙule mata yatsu a kai. Ta ce, "Na ba ki tun kafin Saude ta yi haƙori."

Muka yi sallama muka fito ni da Inna. A zaure ta tsaya ta jingina da bango, ta ja bakin hijabi ta goge ido. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar, kuma nima nawa suka zubo.

"Shekara arba'in," ta ce, "ashe sadakar mutane nake ta kai wa wuta."

Ta gyara hijabinta ta miƙo mini ledar.

"Kira matar nan ki ce mata mun daina. Wuce mu je gidan Asabe, kada rana ta yi mana."